Baƙin da Ke Cikin Kwalba

Ƙanena Ilyasu ba ya jiran ladan.
Kafin kiran farko ya ɗaure takalmi,
ya bar Aboabo tana minshari,
ya ratsa Asawase, ya miƙe har Tafo,
ya dawo gumi na zuba daga haɓarsa
kamar indararo.

Ƙafa ta ƙarfe, huhu na doki,
amma hanci, wayyo hanci!
Da damina ta sauka a Kumasi
mura ke tare shi a ƙofa kamar mai bin bashi.
Bara, saura kwana uku gasa,
ya kwanta da tsumma a hannu,
murya ta koma ta agwagwa,
wani ya tafi da lambar da ya yi wa wahalar wata shida.

Bana sai ga shi da 'yar kwalba
daga wani kemis na Adum.
"Yaya Barikisu, masu rai ne a ciki,
dubun dubata a ƙwaya ɗaya.
Su sauka hanji, su kafa zango,
in mura ta zo ta tarar gida da mutane."

Na ce, nawa?
Ya faɗa yana kallon yatsun ƙafarsa.
Sidin da ya ambata
cinikin furata ne na kwana huɗu.

Na ce, ɗan Inna,
shekara ashirin ina kwana da madara
in wayi gari da nono.
Wa kake zato ke wannan aiki cikin dare?
Ko don ƙwaryata ba ta da takarda a jiki?
Ya yi dariya: "Naki ba a ƙirga su ba."
Na ce, naka fa, a gabanka aka ƙirga?

Takardar ta ce a ajiye a sanyi,
sai kwalba ta sami masauki a firjina
tsakanin kindirmo da ƙanƙara.

Daren Laraba aka ɗauke wuta.
Mai kwalba na can yana barcin gajiya.
Ni da na yi dariya,
ni ce na tashi da tocila a baki,
na naɗe ta a jiƙaƙƙen ƙyalle,
na jingina ta gindin randa,
ina fifita, ina raɗa:
kada ku mutu a hannuna.
Ban gan ku ba, ban yarda da ku ba,
amma baƙi ne ku, kuma gidana kuka sauka.

Maƙwabciyata Maame Adwoa, mai aikin asibiti,
ta juya kwalbar, ta taɓe baki:
"Ta yiwu ta taimaka, ta yiwu a'a.
Ce masa ya yi barci, ya wanke hannu,
ya daina tsayawa hira da jiƙaƙƙiyar riga."

Sati biyu kafin gasa ya yi atishawa.
Gidan ya yi tsit, har ludayi na ajiye.
Kwana biyu hanci na tsiyaya,
na uku ya ɗaure takalmi.

Shi ya ce kwalba.
Maame ta ce barci.
Inna ta ɗaga carbinta, ba ta ce komai ba.
Ni kuwa na san ƙwarya nawa ya shanye min
ba tare da ya biya ba.

Ya zo na huɗu. Ba lamba,
amma da ƙafarsa ya ƙetare layin,
numfashi na shiga, numfashi na fita,
hanya a buɗe.

Kwalbar ta ƙare tuni.
Na wanke ta, na zuba dakakkiyar citta.
Ɗazu ya shigo, ruwan sama a gashinsa,
ya miƙo kofi: "Ƙara min ludayi ɗaya
na waɗanda ba a ƙirga ba."